Malama Safinatu da Gangaren Layi

Malama Safinatu 'yar Boɗinga ce, ɗiyar wani tela. Tun tana ƙarama lissafi ya zauna mata a kai, har ta riƙa cewa injiniya za ta zama. Karatun bai kai can ba, ya tsaya a koyarwa. Aka tura ta wata sakandare a Kajiji, aka ce na ɗan lokaci ne. Yaran da ta fara koya wa yanzu su ke kawo nasu 'ya'yan.

Kullum sai ta shiga bas zuwa Shagari, daga nan ta hau kabu-kabu. Kafin ta iso, bayanta ya riƙe. Alli kuma ya sa mata tarin da ba ya jin magani.

Darasin da ya fi cin ranta shi ne gangaren layi, wato yadda layi ke hawa ko sauka. Ran nan ta rubuta 2y = 6x + 4 a allo, ta ce, "Gangaren nawa ne?"

Aji ya amsa baki ɗaya, "Shida."

Haka na bara suka ce, haka na bara waccan. Ta dafa tebur, ta rasa ƙarfin yin faɗa. Sai Lubna, wata ɗiyar makiyaya da ke zama can baya, ta ɗaga hannu.

"Malama, ukku na. Kin ce sai y ta tsaya ita ɗai. In munka raba komi da biyu, abin da ka manne da x shi na gangaren."

"Sake faɗi, su ji."

Ta sake. Ranar Malama ba ta ji tsawon hanya ba. Ta ma ba mijinta labari tun kafin ta cire hijabi.

Da kaka ta wuce, ciyawa ta ƙare, iyayen Lubna suka kaɗa shanu suka yi kudu, ita ma ta bi su. A bakin 'yan aji Malama ta ji. Ta juya ta goge allo.

Ta nemi a maida ta kusa da gida, aka ce ta ƙara haƙuri, babu mai canjinta. Tana nan har yau. Ta dai roƙi shugaban makaranta kujera, yanzu rabin darasi a zaune take yin sa.