Baba Tela da Saƙar Gizo-gizo

Baba Tela a kan keken ɗinki ya tsufa, kuma bai taɓa yabon aikin wani ba. In aka nuna masa riga, sai ya juya cikinta ya yi tsaki. Yanzu kuwa matarsa ce ke zura masa zare a allura.

Wata safiya ta ƙwala masa kira daga lambun bayan gida. Wani ƙaton gizo-gizo ne, mai ratsin baƙi da rawaya, ya yi saƙa tsakanin tumatir, da farin zigizag a tsakiya.

"Malam, dubi gwaninta! Ko kai ba ka taɓa..." Ta haɗiye sauran.

"Dafi gare shi," in ji shi. "Miƙo tsintsiya."

'Yarsu ta ɗauki hoton gizo-gizon, ta bincika a waya. "Baba, ba ya cutar da mutum. Ƙwari yake kamawa."

Duk da haka ya karɓi tsintsiyar. Da suka shige gida, ya gyara tabarau, ya zaga bayan saƙar, inda kowane tela ke ɓoye kunyarsa. Ya daɗe yana neman ƙulli ko guda. Babu.

Ranar ko abinci bai ci ba.