Baba Mai Awon Ruwa da Shuɗin Akwati

Kwamfutar ofishinmu ta fi duk wani ma'aikaci a Haɗeja jin daɗin rayuwa a wancan lokacin. Ita kaɗai aka sa wa iyakwandishan, ita kaɗai ake lulluɓa wa mayafi in an tashi aiki, kuma duk wanda zai shiga ɗakinta sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, har Oga. Mu 'yan Adam muna can baranda muna fifita da tsofaffin fayiloli. Wani Bature da ya zo ƙidayar tsuntsayen fadama ne ya bar mana ita da zai koma gida, haɗe da kwalin faya-fayai da wani littafi mai kauri wanda ɓera ya riga mu fara karantawa daga baya. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ba a daɗe da ba mu jiha ba.

Ni aka ɗora a kanta, don ni ne na taɓa yin ɗan kwas a Kano. Tun daga ranar kaina ya kumbura. Na sayi tabarau alhali idona lafiya ƙalau, na riƙa rataya makullin ɗakin a wuya yadda kowa zai gani. In aka tambaye ni abu sai na yi shiru tukuna, in dubi rufi, sannan in ba da amsa.

Aikin ofishinmu lura da ruwan kogi ne. Akwai sanduna masu lambobi da aka kafa cikin ruwa, ɗaya a gindin gada, biyu can cikin fadama, kuma kullum da safe sai an je an duba inda ruwa ya kai a jikinsu. Da wannan ake gaya wa masu shinkafa ko su kwana da shiri. Wanda ke wannan awon wani dattijo ne, ɗan masunta daga wani ƙauye ta wajen Miga, duk ofis Baba muke ce masa. Tun kafin in shiga firamare yake wannan aikin. Yana da keke, da kwale-kwalen ofis, da littattafai masu jan bango da yake ɗaurewa cikin leda. Ƙafar wandonsa ba ta taɓa bushewa kafin azahar ba.

Sai takarda ta zo daga hedikwata cewa za a rage ma'aikata, kowane ofis ya aika sunan wanda ba zai iya tafiya da zamani ba. Oga ya tara mu ya karanta, ya ɗaga kai, idonsa ya tsaya kan Baba. Ya ce daga wannan daminar Baba da hannunsa zai riƙa zuba awonsa a kwamfuta. In ya iya, shi ke nan. In damina ta wuce bai iya ba, sunansa ne zai tafi. Baba yana da 'ya'ya mata biyu a sakandare, kuma saura 'yan shekaru kaɗan ya cika lokacin da zai fita da cikakken fansho. Kowa a wurin ya san da haka.

To, kwamfutar lokacin ba irin ta yanzu ba ce da yaro zai shafa da yatsa ta yi masa rawa. In ka kunna ta, gilashi baƙi wuluk za ka gani, da alamar dala a kusurwa, da wani ɗan tsinke yana ta ƙifta maka ido. Sai ka rubuta mata umarni da Turanci, harafi ɗaya in ka kuskure ta watsa maka ƙasa a ido. Ranar farko da na zaunar da Baba a gabanta, ya yi mata sallama. Ya jira. Ya juyo ya dube ni.

“Malam, wannan abar taku ba ta da tarbiyya.”

Na yi dariya har da riƙe ciki, amma da na koma gida maganar ta tsaya mini. A cikin kwalin Baturen nan akwai wani faifai mai ɗauke da wata 'yar manhaja da ke zana akwati a gilashi, shuɗi, mai iyaka da inuwa, da maɓallai a ƙasa da za ka zaɓa da kibiya. Aikinka kawai ka rubuta jerin umarni a fayil guda, ita kuwa kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin liman: buɗe wannan akwatin, karɓi amsa, riƙe ta, buɗe na gaba. Mako guda na yi a kai, ina yi wuta na ɗaukewa, ina tsine wa janareta.

Akwati biyar na gina. Na farko yana cewa, “Salamu alaikum, Baba. Ina kwana? Ina gajiya?” da maɓalli ɗaya tak, “Lafiya lau.” Na biyu ya jero sandunan uku a zaɓi ɗaya. Na uku wurin rubuta lamba. Na huɗu kuwa ba dabarata ba ce, daga littafin Bature na kwafo, don littafin ya ce duk manhajar kirki sai ta tambayi mutum kafin ta ajiye abu. Na fassara shi da kalma biyu: “Ka tabbata?” A ƙasa “Eh” da “A'a.” Na biyar ya ce, “Madalla. Na gode, Baba.”

Ranar da na nuna, har masinja da direba sun tuɓe takalmi sun shigo kallo. Kwamfuta tana Hausa! Oga ya ce a sake, aka sake. Ni na yi gwajin da hannuna, fat-fat-fat, yatsuna na rawa don a ga gwaninta. Baba ya ga sallamar nan, ya gyara hula, ya amsa ta da baki cikakkiya har da wa barakatuhu. Na ce, “Baba, ka gane?” Ya ce ya gane. Wannan shi ne duk karatun da na yi masa.

Damina ta sauka. Kullum wajen ƙarfe goma Baba zai jingine kekensa jikin darbejiya, ya wanke ƙafa a famfo, ya karɓi makulli a wuyana ya shiga. Ni kuwa ina wajen mai shayi ina musun ƙwallo. In ya fito zai miƙo mini makullin yana murmushi.

“Abarka ta koyi ladabi, Malam. Kullum sai ta gode mini.”

“Ai aikin hannuna ne, Baba.”

Damina guda cur ina jin wannan yabon ina lashewa. Ko sau ɗaya ban buɗe fayil ɗin da awon ke shiga na leƙa ba. Me zan leƙa? Ni na gina.

Da ruwa ya fara ja, Oga ya ce a fito da rahoto. Ya tsaya a bayana, Baba na gefe riƙe da ledarsa. Na buɗe fayil ɗin ina wani karkata kai. Layi uku ne a ciki, su ma na gwajin da na yi ranar nuni. Na rufe na sake buɗewa. Layi uku. Gumi ya karyo mini a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a garin.

Oga ya ce, “Ina awon damina?”

Baba ya kwance leda da sauri ya miƙa littattafansa. “Ga shi nan, Yallaɓai, ko kwana ɗaya ban tsallake ba. Kuma kullum ina sa mata.”

Oga bai ko karɓa ba. Ya ce ba littafi hedikwata ta tambaya ba. Sannan ya juyo kaina. “Kai, ka tabbata ba daga abin da ka haɗa ba ne?”

“Na tabbata, Yallaɓai.”

Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa. A satin sunan Baba ya tafi, kuma ba a jima ba takarda ta dawo, an ba shi wata guda ya miƙa kayan aiki.

Akwai mai buga mana tafireta, wata mata 'yar Filato da ta daɗe a Haɗeja har ta fi ni sanin lungunan kasuwa. Madam muke ce mata. Ita ta buga takardar da ta ɗauki sunan Baba, kuma tun ranar ba ta amsa gaisuwata sai da hanci. Rannan ta tare ni a baranda.

“Kai mai tabarau. Mutumin nan shekara nawa yana shiga ruwa bai taɓa ɓatar da lamba ɗaya ba. Ka taɓa zama ka ga yadda yake yi da abin naka?”

Na fara kawo mata bayani da Turanci. Ta yi tsaki ta koma kan tafiretarta.

Washegari na bi Baba ɗakin. Ko da aka ba shi takarda bai fasa zuwa kogi ba, bai kuma fasa shiga wurin kwamfuta ba. Ya amsa sallama. Ya zaɓi sandar gada. Ya nemo lambobi da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Akwati na huɗu ya fito. Baba ya matsa kibiya a natse, ya kai ta kan “A'a,” ya danna. Sai ga akwati na biyar, fes: “Madalla. Na gode, Baba.”

Na ce, “Baba, me ya sa ka danna a'a?”

Ya dube ni da mamaki, kamar ni ne ban san abin da nake yi ba. “To me zan danna? Ruwa ne fa, Malam. Ina karantawa yana motsi. Wata ran iska ce, wata ran ciyawar kacalla ta rufe lambar sai na sa sanda na ture, wata ran laka ta shafe rabin harafin. Abin da idona ya gani shi nake rubutawa. Amma ta tsare ni ta ce na tabbata? Tabbas ai na Allah ne. In ce eh, in yi ƙarya da sassafe saboda lamba?”

“Kullum haka kake yi?”

“Kullum. Kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Godiya ma take yi.”

Na buɗe jerin umarnin nawa, ga abin nan ƙuru-ƙuru. Na rubuta cewa in an ce eh a ajiye lamba, in an ce a'a a zubar. Layin godiyar kuwa na sa shi can ƙasa, bayan an rufe sharaɗin, inda kowace amsa za ta bi ta kansa. Wato damina guda abar da na gina tana karɓar aikin dattijon nan tana zubarwa, tana kuma yi masa madalla. Ladabin da na koya mata ke nan.

Na tafi ofishin Oga a guje, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na same shi yana ɓare gyaɗa. Na faɗa masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya hure ɓawon daga tafin hannunsa.

“Kai da bakinka ka ce ka tabbata. An riga an sa hannu a sama. Suna ɗaya suka nema, an ba su. In kana so in rubuta musu cewa kuskure aka yi, to sai in sa sunan wanda ya yi kuskuren. In rubuta?”

Matata na da tsohon ciki a lokacin. Na tsaya ina kallon ƙafafuna a kan siminti. Ban ce a rubuta ba. Na sha ba da labarin nan ina tsallake wannan wurin, yau dai na faɗa. Tsoro na ji, kuma har yanzu ina jin kunyarsa.

Na koma na gaya wa Baba gaskiya, har da abin da ya faru a ofishin Oga. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi. Ya riƙa murza bakin ledarsa. Can ya ce, “To yanzu awon daminar nan ba ya cikinta ke nan? Ruwan bana ya yi abin da ban taɓa gani ba a sandar gada. Bai kamata ya ɓata ba.”

Gyaran bai ɗauke ni lokacin da shayi zai huce ba. Na mayar da godiyar inda ya kamata, na ƙara jan akwati mai cewa “Ba a ajiye ba” ga wanda ya fasa. Tambayar kuwa na ce Baba ya faɗa da bakinsa yadda mutumin kirki zai yi ta. Ya yi tunani, ya ce a rubuta, “Haka ka gani?” Maɓalli ɗaya “Haka na gani,” ɗayan “Bari in gyara.”

Sauran kwanakinsa a ofis ya ƙarar da su a ɗakin nan. In ya dawo daga kogi sai ya buɗe jan littafi, ya fara daga ranar ruwan farko, sanda uku kowace rana, da yatsa ɗaya. Na ce ya kawo in buga masa, awa biyu na gama. Ya ce a'a, Oga cewa ya yi da hannunsa. Na daina zuwa wajen mai shayi. Ina zaune a gefensa ina juya masa shafi, Madam kuma takan leƙo ta ajiye masa ruwa a kofi, ni ko kallo ban ishe ta ba.

Ranar ƙarshe ya sa lambar safiyar, ya danna “Haka na gani,” akwati ya gode masa. Bai tashi ba.

“Malam, wannan karon ya shiga?”

Na buɗe baki, kalmar nan ta “na tabbata” ta zo har kan harshena. Na haɗiye ta. Na buɗe fayil ɗin, na juya masa gilashin. Ya matso da kujera, ya ɗora yatsa a layin farko ya riƙa bi ƙasa, yana duba littafinsa yana duba gilashi, ni ina gangaro masa da shafi. Bai tsallake ko ɗaya ba, har muka kai na safiyar ranar.

Ya ɗaure littattafan cikin leda ya ajiye a kan teburin Oga, da makullin kwale-kwale. A bakin ƙofa, yana sa takalmi, ya ce in gaya wa duk wanda za a kawo cewa sandar fadama ta biyu ta ɗan karkata, a riƙa rage yatsa biyu. Sannan ya ja kekensa daga gindin darbejiya, ƙafar wandonsa na ɗiga.