Baba Rafi'u Mai Faɗa wa Kowa Ranar Jirginsa

Da an idar da sallar asuba a unguwarmu ta Hindawiyya, Baba Rafi'u kan rataya igiyar dakonsa ya nufi masaukin alhazai da ke bakin Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda. Dako ne sana'arsa. Amma kafin ya ɗora akwatin kowa a bayansa, sai ya bi rumfunan masu jiran komawa gida, yana faɗa wa kowace al'umma ranar tashin jirginta da irin lissafin da ta taso da shi. Ba wanda ya sa shi. Haka yake yi tun bayan yaƙin duniya na biyu, har bara da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi.

Wanda bai zauna a tasha ba zai ce rana ai rana ce. Ba haka ba ne. Kamfanonin jirgi da watan Bature suke aiki, mu nan da na Hijira, alhazai kuwa kowa da nasa. Gwamnatoci sun sauya kalandarsu a lokuta daban-daban, sun sa hannu sun tashi, ba su waiwayi tsofaffin ƙauye ba. Rasha ta sauya bayan juyin mulkinta, Girka ta biyo baya. Turkiyya sau biyu ta yi nata, ta fara gyara kwanaki, daga baya ta gyara shekara. Habasha ba ta sauya ba har yau. Baba Rafi'u haifaffen Jidda ne, jikan alhazan Sakkwato da ba su koma ba, kuma a bakin matuƙa jirgi da tsofaffi ya tsinci wannan sani, yana tambaya ana yi masa dariya.

Na'ibi direban lori ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa a wani aikin hajji na zafi, wajen shekara ashirin da suka wuce. An ce wa wani dattijo Baturke jirginsu zai tashi ƙarshen Agusta. Shi kuwa a ƙauyensu da tsohon lissafi ake shuka da girbi, wanda ke bayan sabon da kwana goma sha uku. Sai ya ga yana da sauran lokaci, ya koma Makka ya ƙara ɗawafi. Ana gobe tashi Baba Rafi'u ya ga shimfiɗarsa ba kowa, ya tambayi 'yan garinsu, ya gane abin da ya faru. Ya ajiye dako ya tare Na'ibi.

"Yalla, Makka za mu."

"Kai Rafi'u, kalanda mai ƙafa biyu! Ubanka ne?"

"Uban wani ne. Tada mota, ya shaikh."

Suka same shi a Harami da la'asar. Dattijon ya yi ta gardama yana ƙirga yatsu. Baba Rafi'u bai ce masa ya yi kuskure ba. Ya ce, "Ya hajji, lissafinka daidai ne, amma jirgin bai san shi ba." Da safe mutumin yana kan jirgi.

Baba Rafi'u, kai ne ka gane cewa ba taurin kai ke sa tsoho riƙe ranarsa ba. Da ita ya yi aure, da ita ya binne iyayensa. Kai ne ba ka taɓa wulaƙanta lissafin kowa ba, sai dai ka kama hannunsa ka ƙetarar da shi zuwa na jirgi.

To, mu fa? Zan faɗa ba kara. Samarinmu sun tafi Abhur, can bayan gari, tuƙa motocin masu gida, ban zarge su da neman halal ba. Amma shekara talatin mutumin nan yana yawo a gabanmu, ba a sami ko mutum ɗaya da ya zauna ya koya ba. Yanzu lasifika ke shela a masauki. Tana faɗin rana ɗaya da harshe uku, ba ta kallon fuskar kowa ta ga ko ya fahimta.

Ga abin da hakan ya haifar bana. Wata tsohuwa daga Habasha, Hajiya Jamilatu, ta ji an ce jirginsu ran ashirin ga wata. Ta ɗauka ashirin ɗin watansu ne, ta tafi Madina ziyara. Da ta dawo jirgi ya yi mako da tashi. Yau tana zaune a bakin ƙofar tasha da ƙullin kayanta, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mata, ba wanda ya san yaushe za ta ga 'ya'yanta.

Na je gaishe da Baba Rafi'u ran Juma'a. 'Yarsa Luba ta tare ni a soro ta ce, "Ya ammi, don Allah kada ka gaya masa labarin tsohuwar nan." Ashe Na'ibi ya riga ni. Na same shi yana ƙoƙarin jawo igiyar dakonsa da hannun da ke motsi.

"Abuya, halas, ya isa haka, kwanta," in ji Luba. "Ina za ka?"

"Tasha. Akwai alhazan Buhara da ba su tafi ba."

Harshensa ya yi nauyi, amma kansa garau yake. Ya fara lissafa mini watannin Habasha, ya kai na biyar numfashi ya ƙare masa. Ya dube ni ya ce, "Malam, an sami wanda zai zo ya koya?"

Sau biyu na yi wannan cigiya a masallacin unguwa. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ban iya yi masa ƙarya ba, na ce masa ba a samu ba.

Allah ya saka maka da alheri, Baba Rafi'u, a madadin dubban da suka isa gida ba su ko san sunanka ba. Ku kuma masu karatu, gidansa na bayan masallacin, ƙofar a buɗe take, kuma likita bai ba mu dogon fata ba. Mai niyya ya je yau.

Ran Juma'ar nan da zan fito, Baba Rafi'u ya kira ni. Ya ce in na bi ta tasha in gaya wa tsohuwar nan kada ta zargi kanta.

"A ranar da ta sani ta zo," in ji shi. "Mu ne ba mu je mata ba."