Madubin da Na Sa wa Yaya

Ni na koya wa Yaya wasan, amma cikin wata biyu ya fi ni iyawa, kuma har yau abin yana ba ni haushi. Ni ne malamin makaranta a Kunci, ni ke karanta Turancin da ke fitowa a fuskar waya. Shi manomi ne a ƙauyenmu da ke kusa da Bagwai, hotuna kawai yake ganewa. Wayar ma da kansa ya saya a kasuwar Makoda bayan ya sayar da gyaɗa, don da na miƙa masa tsohuwar tawa, a aljihuna ya mayar min da ita.

Wasan na yaƙi ne. Kowa yana da garinsa mai ganuwa, da mayaƙa, da jarumi guda mai tsafi. A saman kan kowane jarumi akwai wani koren zare, shi ne ransa, in ya ƙare jarumin ya faɗi. Muka haɗa ƙawance, garina kusa da nasa, duk Juma'a bayan la'asar in hau babur in je gida mu zauna gindin darbejiyar ƙofar gida, inda sabis ya fi kamawa.

Cikin tsafe-tsafen wasan akwai wani mai hoton madubi. In ka sa wa jarumi shi, duk abin da aka jefo masa sai ya koma kan wanda ya jefo, har zagaye uku na yaƙi. Yaya ya ƙaunaci madubin nan. Ba ya gaggawar sa shi. Sai ya bari maharba sun jeru sun ɗana baka, sannan ya dangwala da babban yatsansa mai kaushi, kibau su juya su zube kan masu su. Ya yi ta dariya har da buga cinya. Ni kuwa da na hango ƙura nake sa nawa, kafin abokan gaba su iso ya riga ya ƙare.

“Auta, kai da wasan nan kamar mai shuka kafin ruwa ya sauka,” haka yake ce min.

A shekarar da nake ba da labari, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya ɗauki ciki. Gonar Yaya jigawa ce, abin da ya samu bai kai rabin rumbu ba, ga mata da 'ya'ya biyar. Sannan ga ciwo. Idanunsa suka yi rawaya, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya ce shawara ce, yana shan saiwoyi.

Na sayi buhun gero na aika masa da ɗan acaɓa. Kafin magariba buhun ya dawo ƙofar gidana a kan babur ɗin da ya kai shi, da saƙon cewa an gode. Na sake aikawa, wannan karon ta hannun matarsa. Ya sake dawowa. Na san dalili. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara shida, Yaya ne ya rene ni, da gyaɗarsa na yi karatu. A wurinsa hannu daga sama yake miƙowa ƙasa, kuma shi ne a sama. Ya gwammace komai da a ce ƙaninsa ne ke ciyar da gidansa.

Karo na uku da kaina na kai. Na ɗaure bakin buhun da wata shuɗiyar igiyar roba, na dire shi a zaure yana masallaci, na gudu kamar ɓarawo. Bai dawo ba. Na yi ta murna a raina, na ce yau dai na ka da Yaya.

Wata Juma'a na same shi kwance a tabarma gindin darbejiya, ya ce ba zai iya zama ba amma zai iya wasa. Muka shiga yaƙi da wani sarkin fadama mai rundunar macizai. Tun a zagayen farko maciji ya sari jarumin Yaya, koren zaren ya fara raguwa kaɗan-kaɗan. Sai ga maharba sun jeru. Na duba, ƙarfin tsafin Yaya ya ƙare, ba shi da abin sa madubi. Nawa yana nan. Ban tambaye shi ba, na dangwala na sa wa jaruminsa.

Kibau suka zo suka koma. Na yi ihu, na ce, “Yaya, ka gani? Yau na iya lokaci!”

Zaren bai daina raguwa ba. Na ce ba komai, ina da tsafin warkarwa. Na jefa masa. Wani farin haske ya tashi daga jarumina, ya je ya daki madubin, ya dawo ya sauka a kan nawa, wanda ko ƙwarzane ba shi da shi. Na sake jefawa, ya sake dawowa. Na shiga lalube ko akwai inda ake cire madubin, ina karanta Turancin da nake taƙama da shi. Babu. Sai ya cika zagayensa uku.

“Bai san aboki ba, Auta,” in ji Yaya. “Duk abin da ya zo mayarwa yake. Dafin kuma ya riga ya shiga, ba daga waje yake ba.”

Muka zuba wa waya ido, ba abin da ɗayanmu zai iya. A zagaye na uku jarumin ya durƙusa ya faɗi. Raina ya ɓaci fiye da yadda wasa ya cancanta. Na ajiye wayar na ce, “Yaya, don girman Allah ka bari in kai ka asibiti a Kano gobe. Na yi magana da mai mota.”

“Ka sallame shi. Sai an cire gyaɗa.”

“Wace gyaɗa? Dubi ƙafarka!”

Ya ɗago ya dube ni da idanun nan rawaya. “Ni na ɗauke ka a wuya na kai ka makaranta ranar farko. Kai za ka ɗauke ni?”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na roƙa, na yi faɗa, na je na kawo liman da kawunmu. Kowa ya yi magana, Yaya ya saurara da ladabi, ya ce Allah ya saka da alheri. Na koma Kunci ina kuka a kan babur, ina jin haushinsa, ina jin tsoro.

Mun kai shi asibiti daga baya, ranar da ba shi da bakin da zai ce a'a. Ni na ɗauke shi zuwa mota, bai fi nauyin damin kara ba. Likita ya ce hanta ce, kuma an makara. Kwana huɗu ya yi, ya cika.

Ranar sadakar uku da safe na shiga cikin gida, na tarar mata suna jawo wani buhu daga ɗakinsa za su daka gumba. Bakinsa ɗaure da shuɗiyar igiya, ƙullin da na yi da hannuna ko kwance shi ba a yi ba. Matar Yaya ta ga inda nake kallo.

“Ya hana a taɓa,” ta ce. “Ya ce in ya samu sauƙi zai kai maka da kansa.”

Da hantsi aka fito da gumba a faifai, ana bin masu zaman makoki ɗaya bayan ɗaya a gindin darbejiya. Aka iso kaina. Na so in kau da kai, amma ba a mayar da sadaka. Na sa hannu na ɗauka.