Magaryar da Gwaggo ta ware wa kanta

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Hanne ta Yako, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni, kuma har yau ban huce ba. Ana ta ce mini in bar wa Allah. Na bar masa, amma sai na faɗa.

Gwaggo ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Da kaka take tsinko ganyen magarya, ta shanya a inuwa don kada rana ta cinye masa ƙarfi, ta daka, ta tankaɗe. Da garin take haɗa ruwan wanka. Tana kuma ajiye ɓawon hano da tazargade, ta turara wa wanda ya firgita tana karanta Falaƙi da Nasi. Ko kwabo ba ta karɓa. Nata garin magaryar ta ware shi a 'yar ƙwarya, ta ɗora a kan likkafaninta. Ta sha ce mini, "Binta, da wannan za ki wanke ni."

Sai ɗanta Sale ya dawo daga birni da karatun wata shida da jakar kaset, kowa ya zama jahili in ban da shi. Gwaggo na kwance ba lafiya, ya kwashe kayan maganin da ke ɗakinta kaf, ya tara a tsakar gida da rana tsaka ya cinna wuta, wai yana korar shirka. Busasshen gari duk kamarsa ɗaya a idon wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba, shi kuwa girman kai bai bar shi ya tambaya ba.

Daga kan gado ta shaƙi hayaƙin, ta gane ƙanshin hano. Ta dube ni ta ce, "Har da na cikin ƙwarya?" Na sunkuyar da kai. Ina tsaye aka yi, ban ce uffan ba, kuma wannan shirun nawa ya fi wutar Sale ci mini rai.

Kwana uku tsakani ta cika. Bazara ce, magaryar bayan gari duk an sassabe wa awaki. Matar da ta wanke rabin matan da ke maƙabartarmu da magarya, da sabulun kanti na wanke ta.

Yau ku je kasuwar Kiru. Ga Malam Sale nan a bayan tebur da lasifika, yana sayar da garin magarya a leda, an manna masa takarda da rubutun Larabci, yana jawo hadisi. Ashe sunna ce! Ina ma Gwaggo ta ga wannan teburin. Na san dariya za ta yi, ta murza garin ta ce a rana aka shanya shi.

Daminar da ta wuce Rabi matar Sale ta rasu, aka aiko mini, don ni na gaji aikin. Ya tare ni a zaure da ledarsa, idanunsa jajur.

"Yaya, kamar nawa ake zubawa?"

"Wadda ta sani ka ƙona mata nata."

Na wuce shi na shiga. Na wanke Rabi a hankali, dama kafin hagu, na rufa mata asiri yadda aka koya mini. Gwaggo ba ta taɓa tambayar matar waye ba kafin ta naɗe hannun riga, abin da ta bar mini ke nan. Yafiya dai ban kai nan ba tukuna.