Dardumar da Iya Tasalla Ba Ta Ƙarasa Ba

Tun Husna tana ciki nake da wannan fargaba: in haifi ɗiya a Guangzhou, ta tashi ba ta jin Hausa. Yanzu shekararta uku. In na ce ina takalminki, sai ta buɗe tafin hannu ta ce "meyo", wato babu. Babanta dariya yake yi. Ni kam ba na dariya. Ban yi karatu mai nisa ba, abin da zan iya ba ta bakina ne kawai.

A bakin kakata, Iya Tasalla, na koyi magana. A Kura, da damina, in an sauke tuwo bayan magariba, takan ja mu kusa da murhu don hayaƙi ya kori sauro. Ta yi shekaru a Jidda tana wanke dardumomi a gidan wani Bafarishe, shi ya sa tatsuniyoyinta ba irin na kowa ba ne.

"Ga ta nan tafe daga nesa," za ta ce, "ku matsa mata ta zauna." In na yi hamma ta dungure ni. "Ke ƙawata, rufe ƙofar nan kada kaji su shiga."

Wadda na fi so ita ce ta wata masaƙiyar darduma a ƙasar duwatsu. Ba ta da takardar zane, waƙa take yi wa 'yarta: ja biyu, shuɗi uku, fari ɗaya. Yarinya na ƙulla zare tana bin waƙar, sai furanni su fito, sai tsuntsaye, har da rafi mai gudu. Darduma ta kai rabi, uwa ta rasu. Fatake suka zo suna yabon fuskar dardumar, amma wata makauniya ta kifar da ita, ta bi bayan da yatsa.

"Fuska ta baƙi ce," in ji Iya da muryar makauniyar. "A baya hannu ke faɗin gaskiya."

Iyakar abin da na sani ke nan. Kullum a nan ruwa ke saukowa, ko barci ya sace ni, ina jin rafin dardumar yana gudu ƙarƙashin tabarmata. Iya ta rasu ban ji ƙarshen ba. Shi ya sa ban taɓa yi wa Husna ita ba. Wa ke ba yaro rabin tatsuniya?

Watan jiya wani Alhaji a Kano ya ce wa Baban Husna ya nemo masa darduma ta Farisa, saƙar hannu. Shi kuwa maigidana takalma ya sani, na kasuwar Zhanxi Lu. Na raka shi wani shago a titin Liuhua Lu, na wani dattijo ɗan Iran. Maigidana na ta shafa fuskar darduma, sai na ga hannuna ya kifar da ita. Zanen ya fito tas a baya, ƙulli ƙanana a matse, wasu sun ɗan karkace. Gezar ba ɗinka ta aka yi ba, daga jikinta ta fito. Na jiƙa bakin mayafina na goga, rini bai kama ba.

"Maman Husna, yaushe kika zama lawban?" in ji maigidana, wato uban shago. "Ashe da gwani nake kwana ina ta wahala."

Amma na ga wani abu. Wajen tsakiya, shuɗin ya sauya, ya ɗan yi haske.

"Tambayi dattijon," na ce wa maigidana, "wannan aibi ne?"

Dattijon ya yi murmushi ya soma bayani, maigidana na fassara. A nan ulu ya ƙare wa masaƙiyar, ta rina wani ta ci gaba. Inji ba ya haka. Masu sani ba sa ƙin darduma don wannan.

A motar komawa tatsuniyar Iya ta faɗo mini a rai. Ashe in zaren farko ya ƙare, ba a barin masaƙa. Da yamma na ɗora Husna a cinya na yi mata tatsuniyar, inda ta Iya ta tsaya na ɗora tawa. Launin ba ɗaya ba ne, na sani. Da na kai waƙar, ta ɗaga yatsu ta ce, "Shuɗi uku."

Don Allah, in ka zo sari garin nan ka haɗu da 'ya'yanmu, ka gaishe su da Hausa. In sun yi shiru kada ka juya zuwa Turanci. Ka ɗan jira su.