Famfon Baffa Sanusi

Har yau ina jin gurnanin famfon nan da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na safiyar da Baffa Sanusi, ƙanen mahaifina, ya rasu. Shekara bakwai ke nan. Gida ya cika da masu ta'aziyya, famfon kuwa bai fasa cika butocin alwala ba. Allah ya jiƙansa.

Baffa malamin kimiyya ne, kuma shi ya haɗa famfo mai aiki da hasken rana a gidanmu na Ƙofar Taramniya, duk unguwa na ɗiba. Da farko maɓalli ɗaya gare shi. Matsalar Baffa ita ce kunya: ba ya iya ce wa babba a'a. Liman ya roƙi injin ya riƙa yin shiru da kansa lokacin salla, aka ƙara waya. Wata gwaggo ta ce ya yi ƙara idan tanki ya cika, aka ƙara wata. Mai unguwa ya so fitila. Akwatin injin ya koma kamar taliyar da ta harɗe.

Inna, matarsa, takan leƙa ta ce, "Malam, wanga abu ko kai ka san kanshi?"

"Jiya na sani," in ji shi, yana dariya. "Yau sai Allah."

Yakan ce mini zamani na zuwa da abinci da wuta da ruwa za su wadaci kowa. Abin da zai tsayar da mutane a lokacin ba rashi ba ne, ayyukan ne za su yi girma su sarƙe, har a rasa kai ɗaya da zai riƙe su duka. Ina yarinya, sai in hango birni mai haske, mutanensa a ƙoshe, suna tsaye gaban wani ƙaton inji suna tambayar juna wa ya san shi.

Yanzu ina cikin masu haɗa manhajar wayar hannu, kowannenmu ɓangarensa kawai ya sani. Da Baffa zai gan mu, na san murmushi zai yi ya ce, "Ɗiyata, kun iso."

Bara famfon ya tsaya. Hankalin unguwa ya tashi, domin idan babu mai gane wayoyin nan, sai a koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Na buɗe akwatin. Na bi wayar farko, na tarar ba ta haɗe da komai. Ta biyu ma haka. Waya ɗaya ce kawai ta tsinke, na ɗaure ta, ruwa ya zubo.

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ashe tun kafin rasuwarsa Baffa ya cire haɗin duk ƙarin da aka yi, ya bar wayoyin a cikin akwatin kawai, ya ji kunyar faɗa wa dattawan. Da an kira salla, shi yake zuwa ya kashe injin da hannu. Tun da ya rasu kuwa, Inna ce take yi.